Sharaɗin Kaɗa Ƙuri'a a Birnin Zazzau: Haraji, Ilimi da Kati

Sharaɗin kaɗa ƙuri'a shi ne abin da doka ta ce sai mutum ya cika kafin a bar shi ya zaɓi masu mulkinsa. Ƙasashen duniya sun gwada iri-iri: dukiya, biyan haraji, zama namiji, launin fata, shekaru, iya karatu da rubutu, da takardar da ke nuna ko wane ne mutum. A Nijeriya, sashe na 77 na tsarin mulkin 1999 ya ce duk ɗan ƙasa da ya kai shekara 18, yake kuma zaune a cikin ƙasar lokacin rajista, yana da haƙƙin a sa sunansa cikin masu zaɓe. Ba a ambaci makaranta ba, ba a ambaci haraji ba. Amma ranar zaɓe haƙƙin ba ya aiki sai da kati a hannu, sai kuma na'ura ta amince da yatsa ko fuska. Duk bayan zaɓe akan ji masu cewa a daina barin jahilai suna zaɓar wa ƙasa shugabanni, akan kuma ji masu kukan cewa kati ya hana su abin da tsarin mulki ya ba su. Maganganu biyu ne daban, ko da yake an saba cakuɗa su.

Unguwar Kwarbai wuri ne mai kyau na duba wannan batu. Tana tsakiyar birnin Zazzau, cikin ganuwa. A nan fadar Sarki take, ga babban masallacin Juma'a kusa da ita, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu. A lissafin hukumar zaɓe an raba unguwar gida biyu, Kwarbai A da Kwarbai B, cikin mazaɓu 13 na Ƙaramar Hukumar Zariya. Daga nan ne Abbas Tajuddin ya fito, Iyan Zazzau, wanda ke wakiltar Zariya a Majalisar Wakilai tun 2011, aka kuma zaɓe shi kakakin majalisar ranar 13 ga Yuni, 2023.

Zaɓen da fada ta sani

Tun kafin akwati ya shigo ƙasar Hausa, kalmar zaɓe tana da mazauni a fada. Idan Sarkin Zazzau ya rasu, masu zaɓen sarki ke zama su duba 'ya'yan gidajen sarauta huɗu: Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa. Bayan rasuwar Sarki Shehu Idris ranar 20 ga Satumba, 2020, mutum biyar ne suka yi wannan zama, wato Waziri, Limamin Juma'a, Limamin Kona, Makama Ƙarami da Fagaci. Gwamnatin jiha, wadda ke da ta cewa ta ƙarshe, ta sanar da Ahmed Nuhu Bamalli ranar 7 ga Oktoba. Biyu daga cikin biyar ɗin limamai ne, kuma hakan yana da asali a littattafan da malaman birni ke karantarwa. Al-Mawardi, wanda ya rasu a 1058, ya kawo sharuɗɗa uku ga masu zaɓen shugaba a cikin Al-Ahkamus Sulɗaniyya: adalci, ilimin da za su gane wanda ya cancanta, da basirar da za ta kai su ga mafi dacewa.

Duk Bazazzagin da ya ce zaɓe sai mai ilimi, to yana da inda ya jingina, kuma jingina ce mai ƙarfi. Sai dai Al-Mawardi yana magana ne a kan mutane ƙalilan da aka ɗora wa nauyin yanke shawara a madadin jama'a, kamar yadda ake ɗora wa alƙali. Ƙuri'ar zamani wani aikin take yi. Da ita ne wanda ake karɓar harajinsa, ake tura ɗansa fagen daga, ake yanka masa farashin taki da mai, yake cewa ya yarda da masu yin haka ko su sauka. Sharaɗin da ya dace da masu zaɓen sarki su biyar, idan aka shimfiɗa shi a kan miliyoyin talakawa, ya koma hanyar rage yawan masu iya cewa a'a.

Zamanin Turawa: fam ɗari da takardar haraji

Zaɓen farko na majalisar dokoki a Nijeriya an yi shi a 1923, ƙarƙashin tsarin mulkin Gwamna Clifford na 1922. Kujeru huɗu ne kacal, uku a Legas, ɗaya a Kalaba, kuma mai zaɓe sai namijin da ke samun fam 100 a shekara. Tsarin Richards na 1946 ya rage kuɗin zuwa fam 50. Arewa ba ta cikin wannan zaɓe ko kaɗan. Da ta samu wakilai a tsarin Richards, daga hukumomin En'e suke fitowa.

A waɗannan shekaru ne Zariya ta zama matattarar masu tunanin siyasar Arewa. A nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939, Abubakar Imam yana editanta. Tarurrukan da aka yi a Zariya da Kaduna a 1948, da hannun Dokta R. A. B. Dikko a ciki, su ne suka haifi Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta rikiɗe ta zama NPC. Jam'iyyar NEPU kuwa an kafa ta a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950.

Da tsarin Macpherson ya zo a 1951, talakan Arewa ya ɗanɗana zaɓe, amma daga nesa. Sharaɗin shi ne ya zama baligi namiji mai biyan haraji. Ana tara irin waɗannan a unguwa ko ƙauye, a fili, gaban mai unguwa ko dagaci, su fitar da wakilai. Wakilan su je mataki na gaba su fitar da wasu, haka-haka har a kai matakin lardi, inda ake zaɓar 'yan Majalisar Arewa. A mataki na ƙarshe doka ta ba En'e damar cusa nata mutanen, kashi 10 cikin ɗari na masu zaɓen. Ta haka ne 'yan NEPU suka yi nasara a matakan ƙasa a Kano, amma da aka kai ƙarshe ba su samu kujera ba. Wannan tsari bai tambayi kowa ko ya iya karatu ba. Dalilin da aka bayar na kafa shi, duk da haka, shi ne wai jama'a ba su waye ba tukuna, gara a tace ra'ayinsu ta hannun waɗanda suka fi su sani. Matatar da aka kafa da sunan ilimi ta ƙare tana tsare kujerun masu riƙe da mulki, kuma 'yan Sawaba, wato 'yan NEPU, sun gane haka tun daga zaɓen farko. Shi ya sa zaɓen kai tsaye ya zama ɗaya daga manyan buƙatunsu.

Sai a zaɓen tarayya na 12 ga Disamba, 1959, ne kowane namiji ɗan Arewa mai shekara 21 ya jefa ƙuri'a kai tsaye kuma a asirce. Yadda aka shawo kan matsalar rashin karatun boko abin lura ne. Mai zaɓe zai faɗi sunansa, a duba a rajista, a miƙa masa takardar ƙuri'a, ya shiga wani keɓaɓɓen wuri shi kaɗai. A ciki akwatuna ne a jere, kowane ɗan takara da nasa, an liƙa alamar jam'iyyarsa a jiki: fartanyar NPC, tauraron NEPU, itacen kwakwar Action Group. Ba ya rubuta komai. Ya nemi alamar da ya sani ya tura takardarsa ciki, ya fito. Indiya ta yi amfani da irin wannan dabara a zaɓenta na farko na 1951 zuwa 1952, da masu zaɓe wajen miliyan 173, yawancinsu ba su taɓa shiga aji ba. Tsarin yana da ɓarakarsa, don wani kan fito da takardar a aljihu ya sayar wa mai tara su. Amma ya nuna cewa idan hukuma na son mutum ya yi zaɓe, tana iya shirya zaɓen daidai da abin da ya iya. Alama ta ci gaba da wannan aiki har yau: mabuɗin PRP da gida da masarar NPN a 1979, dokin SDP a 1993, lema da tsintsiya a wannan zamani.

Mata

Rabin mutanen Arewa ba su shiga wancan keɓaɓɓen wuri ba. A 1959 matan Gabas da Yamma da Legas sun yi zaɓe, matan Arewa kuwa doka ta hana su zaɓe da tsayawa takara. An dai ƙirga su wajen rabon kujeru, domin bisa yawan jama'a ne Arewa ta samu 174 cikin 312 na Majalisar Wakilai. Matsayin NPC shi ne lokaci bai yi ba, al'ada ba ta yarda ba, kuma mata ba su samu ilimin da za su shiga harkar ba.

Matar da ta fi kowa ƙin wannan magana a Zariya ta tashi. Hajiya Gambo Sawaba, wadda aka haifa a 1933, ba ta wuce 'yan shekaru a firamare ba. Ta shiga NEPU tana da ƙuruciya, ta jagoranci reshen mata, ta je Abeokuta ta ga Funmilayo Ransome-Kuti, ta riƙa shiga gidaje tana yi wa matan kulle bayanin siyasa. An yi mata duka, an kore ta daga Kano, an ɗaure ta sau da yawa. Adadin da aka fi ambata shi ne 16. Ta rasu a 2001, kuma babban asibitin Ƙofar Gayan sunanta yake ɗauke da shi. Da a ce an gindaya jarrabawar boko, da wuya ta haye, alhali a zamaninta kaɗan ne suka kai ta sanin yadda mulki ke tafiya da abin da yake yi wa talaka.

Tsallaken iyaka labarin ya sha bamban. A Nijar, Faransa ta fara da jerin waɗanda ta amince su yi zaɓe bayan yaƙin duniya na biyu: sarakuna, ma'aikata, tsofaffin sojoji, masu lasisin kasuwanci. Daga baya aka ƙara masu iya karatu da Faransanci ko Larabci, a 1951 kuma aka ƙara magidanta da matan da suka haifi 'ya'ya biyu. Dokar 23 ga Yuni, 1956, ta share jerin gaba ɗaya, ta ba kowane baligi ƙuri'a, mace da namiji. Ke nan Bahaushiyar Maraɗi ko Damagaram ta samu ƙuri'a shekara 20 kafin 'yar'uwarta ta Katsina ko Zazzau, harshensu ɗaya, addininsu ɗaya, karatun bokonsu kuma babu wadda ta fi wata. Matan Arewacin Nijeriya sai da gyaran ƙananan hukumomi na 1976 aka buɗe musu ƙofa, tsarin mulkin 1979 ya tabbatar, ya kuma sauko da shekarun zaɓe daga 21 zuwa 18. Tun daga lokacin, mata ma suna jan layi a rumfunan cikin birni.

Hujjar masu son sharaɗin ilimi

Masu wannan ra'ayi ba su rasa manya a bayansu ba. John Stuart Mill, a littafinsa na 1861 kan mulkin wakilci, ya ga bai kamata wanda bai iya karatu da rubutu da ɗan lissafi ba ya yi zaɓe, har ya ba da shawarar masu zurfin ilimi su samu ƙuri'a fiye da ɗaya. Amma ya haɗa da cewa wajibi ne hukuma ta fara kai makaranta ga kowa. Ingila ta bar wa masu digiri ƙarin ƙuri'a ta kujerun jami'o'i har 1948. A wannan ƙarni, Jason Brennan na Amurka ya sake ta da maganar a littafinsa na 2016. Hujjarsu a taƙaice ita ce ƙuri'a iko ce a kan wasu, kuma ba a ba wa wanda bai san hanya ba tuƙin motar haya.

Inda aka aiwatar da ita, ga abin da ta haifar. Jihar Misisipi ta Amurka ta sa a tsarin mulkinta na 1890 cewa mai rajista sai ya karanta wani sashe na tsarin mulkin ko ya yi bayaninsa yadda jami'in rajista zai gamsu. Jami'in farar fata ne, shi ke zaɓar sashen, shi ke cewa an ci ko an faɗi. A Luwiziyana baƙaƙen fata 130,334 ne ke cikin rajista a 1896. Zuwa 1904 saura 1,342. Sai da dokar haƙƙin zaɓe ta 1965 aka fara rushe waɗannan jarrabawowi, aka haramta su a faɗin ƙasar a 1970. A yankin Kef na Afirka ta Kudu, dokar 1892 ta ƙara sharaɗin rubutu, ta kuma ɗaga na dukiya daga fam 25 zuwa 75, don rage ƙuri'un 'yan ƙasa. Burazil ta hana marasa karatu zaɓe daga 1881 har 1985, kuma cikin waɗannan shekaru ɗari da 'yan kai, wanda ba ya zaɓe ba shi da yadda zai tilasta wa gwamnati ta gina wa 'ya'yansa makaranta.

A Zazzau akwai wata tambaya da ta riga waɗannan duka: wane ilimin? Birnin yana da Alhudahuda da Barewa, da Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a Oktoban 1962. Yana kuma da abin da ya girme su nesa ba kusa ba, wato zaurukan Unguwar Juma da Kona da sauran unguwanni, inda ɗalibai daga ƙasashe ke zuwa neman nahawu da fiƙihu. A shiga irin wannan zaure da hantsi: malam yana kan buzu, ɗalibai sun kewaye shi, kowa da littafinsa a cinya, wannan ya ja baƙi a Risala, malam ya fassara kalma-kalma, na gaba ya buɗe Muhtasar, wani ya kawo Alfiyya. Daga cikinsu akwai wanda zai raba gado mai sarƙaƙiya da ka, ya rubuta wasiƙa da ajami ba tuntuɓe, amma ba shi da ko takardar firamare. Duk jarrabawar da gwamnatin tarayya za ta shirya wa masu zaɓe da boko za ta zo, wataƙila ma da Turanci, kuma wannan mutum faɗuwa zai yi. An taɓa yin irin wannan kuskure da kyakkyawar niyya. Shirin koyar da manya da gwamnatin Arewa ta ƙaddamar a farkon shekarun 1950, wanda Malam Ahmadu Kumasi ya jagoranta, hukumar NORLA a Zariya tana buga masa littattafai da jaridu irin su Bazazzaga, ya yi aiki mai albarka. Amma sunan da aka ba shi, Yaƙi da Jahilci, ya jefa mahaddata da masu ajami cikin sahun jahilai. Kuɗin ƙasa ma sun bi wannan hanya, da aka cire ajami daga ƙananan takardun naira a 2007.

Ana kafa hujja da lalatattun ƙuri'u. A zaɓen shugaban ƙasa na 2019 an soke 1,289,607, kusan kashi 4.5 cikin ɗari. Amma a wannan shekara 'yan takara 73 ne a takarda ɗaya doguwa, alamomi ƙanana a cunkushe, wasu suna kama da juna, tawada kuma tana shafar wani gida idan an naɗe. Da hukumar zaɓe, INEC, ta soke rajistar jam'iyyu 74 a Fabrairun 2020, aka shiga zaɓen 2023 da 18, ƙuri'un da aka soke sun sauko ƙasa da kashi 4. Wani ɓangare na abin da ake kira jahilcin mai zaɓe laifin mai tsara takarda ne.

Ana kuma kafa hujja da sayar da ƙuri'a, taliya da sabulu da atamfa da 'yan dubbai. Abin yana faruwa, kuma abin baƙin ciki ne. Sai dai yunwa ce ke sayar da ƙuri'a, kuma kwaɗayi bai san takardar makaranta ba. Rahotannin daloli da suka cika kafafen labarai lokacin zaɓen fid da gwani na 2022 a kan daliget suke, mutanen da yawancinsu sun yi boko. A 2021 wata babbar kotu a Akwa Ibom ta ɗaure wani farfesa shekara uku saboda sauya alƙaluman zaɓen 2019 da aka ba shi amanar tattarawa. Tsohuwar da ke sayar da ƙosai a bakin titi ba ta san sashe na 77 ba, amma ta san nawa mudun wake yake bara da bana, ta san ko akwai magani a asibiti, ta san ko famfo na kawo ruwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wannan sanin ne zaɓe yake nema a wurinta.

Inda Nijeriya ta ajiye sharaɗin

Tsarin mulkin 1999 ya ɗauke sharaɗin ilimi daga mai zaɓe ya ɗora wa ɗan takara. Sassa na 65, 106, 131 da 177 sun ce mai neman majalisa, gwamna ko shugaban ƙasa sai ya yi karatu zuwa matakin kammala sakandare ko makamancinsa. Sashe na 318 ya faɗaɗa ma'anar: takardar malanta mai daraja ta biyu ta isa, takardar firamare ma ta isa idan an haɗa da aikin shekara 10, da kwasa-kwasan da suka kai shekara guda, da iya karatu da rubutu da magana da Turanci yadda INEC za ta gamsu, haka kuma duk wata shaida da hukumar ta amince da ita. A kan wannan aka yi ta jayayya game da takardun Muhammadu Buhari, har kotun sauraron ƙarar zaɓe ta yanke a Satumban 2019 cewa ya cancanta, Kotun Ƙoli ta kori ƙarar Atiku Abubakar a ƙarshen Oktoba. An sha kawo ƙudurin ɗaga sharaɗin zuwa digiri, bai kai ga zama doka ba. Wannan rabon nauyi ya fi kusa da hankali, domin mai riƙe ofis shi zai karanta kasafi ya sa hannu a doka. Duk da haka malamin zaure da bai bi ta makarantar gwamnati ba yana iya zaɓe, amma tsayawarsa takara ta rataya ga ganin damar hukuma.

Kati da na'ura

Tambayar kati daban take da ta ilimi. Jarrabawa tana tambayar ko mutum ya isa. Kati yana tambayar ko shi ne mai sunan, kuma ƙasar da ta ga zaɓen 2007, wanda shi kansa Umaru Musa 'Yar'aduwa ya amsa cewa yana da naƙasu, tana da dalilin yin wannan tambaya. Talakawan Arewa ma sun nemi a tsare ƙuri'a. Daga bakinsu “a kasa, a tsare, a raka” ta fito. A 2011, ƙarƙashin Farfesa Attahiru Jega, INEC ta sake rajista da ɗaukar hoto da zanen yatsu. A 2015 aka shigo da katin dindindin da na'urar karanta shi, wadda ta ƙi karɓar Shugaba Goodluck Jonathan na ɗan lokaci a rumfarsa ta Otuoke. A lokacin, wanda na'ura ta ƙi yatsansa akan cika masa takarda ya yi zaɓe, kuma ta wannan kafa maguɗi ya riƙa shiga. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ta ba tantancewa da na'ura ƙarfin doka, na'urar BVAS kuma ta toshe kafar: ko yatsa, ko fuska, ko a haƙura.

A rumfar cikin birni abin yakan kasance haka. Tun da sassafe an ja layi biyu, maza gefe, mata gefe, a ƙofar makarantar firamare ko gindin bangon wani zaure. Malaman zaɓe, galibi masu yi wa ƙasa hidima, sun liƙa rajista a bango, mutane suna bin hotuna da yatsa suna neman nasu. Dattijo ya miƙa katinsa, ya ɗora babban yatsa a kan gilashin na'ura. Yatsan ya sha fartanya ko allurar ɗinki shekara hamsin, zanensa ya shafe. A goge, a sake, a canza yatsa. In ta ƙi, sai malamin zaɓe ya ɗaga na'urar saitin fuskarsa, ya ce ya gyara hula ya fuskanci haske, alhali hoton da ke ciki an ɗauke shi shekara goma sha da suka wuce. Mai lalle a yatsu ma takan gamu da irin wannan, mai niƙabi kuma sai ta ɗaga. Yawanci na'urar takan karɓa daga ƙarshe, a shafa masa tawada a farce, a ba shi takarda ya je ya dangwala. Makaho ko mai wata naƙasa doka ta yarda ya zo da wanda ya amince da shi ya taimaka masa.

Wahalar ta fi yawa kafin ranar. Rajista sai mutum ya je da kansa, kuma dokar ta nemi takardar haihuwa, fasfo, katin ɗan ƙasa, lasisin tuƙi ko wata shaida makamanciya, a ƙasar da ɗimbin haihuwa ba a rubuta su. Bayan watanni ya sake komawa karɓar kati. Katin kuma a ɗaure yake da rumfa guda: ɗan cirani da ya yi rajista a Kwarbai, zaɓe ya same shi a Fatakwal, ya rasa ƙuri'arsa sai in ya nemi sauyi tun da wuri ko ya biya kuɗin mota. Rajistar 2022 ta faɗo cikin yajin aikin malaman jami'o'i na wata takwas, ɗalibai suka yi ta a garuruwansu, sai da aka rufe jami'o'i a Fabrairun 2023 suka samu damar komawa gida su yi zaɓe. Malaman zaɓe da jami'an tsaro da ke bakin aiki ba sa jefa ƙuri'a, haka Hausawan Nijeriya mazauna Makka ko Kumasi ko Khartum.

Wasu ƙasashe sun bi hanyoyi daban-daban. A zaɓen 2012 Ghana ta tsaya kan cewa ba tantancewa ba zaɓe. Nijar ta yi amfani da zaɓe ta hanyar shaidu, inda mutum biyu za su tsaya wa wanda ba shi da takarda, kuma 'yan adawa sun yi ƙorafi sosai a kan haka a zaɓen Fabrairun 2016. Ingila ma ta fara neman kati mai hoto a zaɓen ƙananan hukumomi na Mayun 2023, hukumar zaɓenta ta ƙirga wajen mutum 14,000 da aka mayar ba su dawo ba. Ma'aunin adalci a nan shi ne wa ke ɗaukar wahalar. Idan katin kyauta ne, wurin karɓarsa kusa, ma'aikata isassu, to kariya ce ga ƙuri'ar talaka. Idan sai an bar sana'a kwana biyu ana bin layi a sakatariya, ya zama haraji da wani suna, kuma mai ƙaramin ƙarfi da matar aure da tsoho su ne za su fara sarewa. INEC ta ƙara rumfuna daga 119,973 zuwa 176,846 a 2021. A Disambar 2024 shugabanta na lokacin, Farfesa Mahmud Yakubu, ya ba da shawarar cewa tunda BVAS ke tantance mutum, takardar shaidar rajista da aka buga daga kwamfuta ta wadatar ko babu katin roba.

A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, mutum miliyan 93.4 ne a rajista, miliyan 4.3 daga cikinsu a Jihar Kaduna. Miliyan 87.2 sun karɓi kati, kimanin miliyan 6 suka bar nasu a ofisoshin hukuma. Waɗanda suka fito kuwa ba su cika miliyan 25 ba, wajen kashi 27 cikin ɗari, mafi ƙaranci tun 1999. Wannan ne ya sa muhawarar ta juya baya ga tambayar wa za a hana, ta fuskanci ta wa za a kawo. A 2025 Kakakin Majalisa Abbas Tajuddin, tare da ɗan majalisa Daniel Asama Ago, ya gabatar da ƙudurin tilasta wa kowane baligi yin zaɓe, da tarar da za ta kai naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga wanda ya ƙi. Ƙudurin ya tsallake karatu na biyu ranar 15 ga Mayu. Ƙungiyar lauyoyi da ƙungiyoyin farar hula suka yi masa ca, suna cewa mutane sun ƙaurace ne saboda rashin tsaro, da wahalar kati, da rashin yarda cewa za a ƙirga abin da suka jefa. Ranar 26 ga watan, kakakin ya janye shi.